Sai-na-gani da Fitilar Birkin Sista

Abokina Sai-na-gani bakanike ne, kuma ba a banza aka laƙaba masa wannan suna ba. In ka ce masa motarka tana ƙara ta gaba, amsarsa ke nan: "Sai na gani." In ka ce an yi ruwa a unguwarku, sai ya saci kallon takalminka ko da taɓo. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce ranar da aka yi masa albishir ta haifi namiji, bai yi murna ba sai da ya ɗaga zanen jaririn.

Tare muka shiga makarantar mishan, benci ɗaya muka zauna. Daga baya ni na bi alli, shi ya bi sifana. A bayan azuzuwa akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano inda ake koyon sana'a, har yau in na tuna shi sai in ji warin baƙin mai da garin katako. Mai koyar da kanikanci wani tsohon Bature ne mai ɗingishi. Ba ya ɗaga murya, amma in ya tsaya a bayanka sai sifana ta suɓuce maka. Dokarsa ita ce ba a zubar da abin da bai mutu ba. Noti ne, ƙusa ce, guntuwar waya ce, a wanke da fetur, a goge da tsumma, a mayar inda aka ciro. Abin da ya mutu kuwa na mai mota ne, a ƙulle masa kayansa a miƙa masa, ya gani da idonsa an canza. A wancan zamani kayan gyara sai an yi wata da watanni ana jiransu, don haka dokar tana da dalili. Abokina ya haddace ta, kuma bai taɓa lura zamani ya wuce ya bar ta ba.

Garejinsa yana ƙarshen wani layi, bayan masu sayar da katako. Ƙofar kwano ce mai ɓari biyu, da rami a tsakiya inda ake shiga ƙarƙashin mota, sifanu a jere jikin bango kowace da zanenta na farin fenti, yadda in an ɗauki ɗaya gurbinta zai tona asiri. Kusa da shi rumfar Rewaya ce, mai gyaran wayoyin mota, wanda a haife abokina ya haife shi. A tsallake kuma shagon Dogo mai kayan gyara, wanda suka fara sana'a tare a layin tun ba a zuba kwalta ba. Da na yi ritaya daga koyarwa, bencin bakin garejin ya zama ofishina, shi ya sa mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Da can motoci layi suke yi a ƙofarsa. Sai motocin suka sake hali, suka cika da fitilu da wayoyi, masu su kuma suka koma babban garejin bakin titi, inda ake jona wa mota na'ura ta faɗi ciwonta da kanta. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, ba faɗa, ba sallama. Wadda ta rage masa ita ce Sista, tsohuwar ungozoma, mai tuƙa kanta da kanta. Shekara da shekaru shi ya riƙe mata wata tsohuwar mota har ta zama kamar 'yar gida. Muddin motar Sista na shigowa, shi bakanike ne mai gareji. Ran da ta daina, ya zama tsoho mai zaman benci irina. Ya san haka, kowa a layin ya sani.

Sai autanta, wanda ke aiki a wani ofis, kuma har yau Auta ake kiransa ko da yake furfura ta fara fito masa, ya saya mata wata mota ta hannu, irin ta zamani. Ya so a riƙa kai ta babban gareji. Ta ce ita ba ta sake bakanike da tsufa. Ya ƙyale ta, amma yana jiran rana.

Wata safiya ta shigo da motar, ta leƙo ta taga.

"Mai gareji, zo ka ga abin da motar nan ta tsiro da shi. Wata 'yar fitila ce ta sa min ido tun jiya."

Muka leƙa tare. A dashbod, bayan sitiyari, wani ɗan zobe ne ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigo a gefensa biyu.

"Birkin yana kamawa?"

"Yana kamawa. Amma Auta ya ce ma'anarta birki ya kusa cinyewa."

"Auta ya ce, fitila ta ce. To, sai na gani."

"Ka gani, amma kada ka kai ni la'asar. Ni da na karɓi haihuwar rabin layin nan ban taɓa ɗaukar lokacin da kake ɗauka a kan taya ɗaya ba."

"Naki da kansu suke fitowa, Sista. Nawa sai an kwance."

Bai yarda da fitilar ba, sai ya fara daga nesa. Ya buɗe bonet ya duba man birki, yana nan daidai. Ya ja birkin hannu ya sake, ya ja ya sake, ko maƙalewa ya yi. Sannan ya sa jak ya ɗaga motar, ya cire tayoyin gaba. Takalman birki, wato ƙarafan nan da ke matse faifan taya in an taka, sun cinye ƙwarai, saura ƙiris. Ya ɗaga ɗaya ya nuna mini da fuskar mutumin da maƙiyinsa ya faɗi gaskiya. Ya tsallaka wajen Dogo ya karɓo sababbi a kwalinsu.

A jikin ɗaya daga cikin tsofaffin akwai wata 'yar baƙar waya mai ɗan kai kamar ƙwayar wake, a maƙale cikin wani gurbi. Ya zare ta a hankali, ya juya ta, ya ga ba ta tsinke ba, ba ta ƙone ba. Ya wanke ta da fetur, ya goge, ya maƙala a sabon takalmin. Ya ɗaure komai, ya ƙulle tsofaffin takalman a leda ya sa wa Sista a but ɗin bayan mota. Da aka tayar da mota, zoben yana nan yana kallonmu.

"In kin yi tafiya kaɗan za ta mutu," in ji shi.

Ba ta mutu ba. Kwana kaɗan sai ga Auta da kansa ya kawo motar. Ya gaishe mu da ladabi, har da rusunawa, sannan ya ce, "Baba, fitilar nan fa an ce ba ta kamawa sai takalmi ya cinye. Mama kuma ta ce an sa sababbi."

"An sa. Tsofaffin suna but."

"Na gan su. Sai dai, Baba, tsofaffin takalma ai ba wuyar samu gare su ba a gareji."

Ba wanda ya taɓa gaya wa abokina irin wannan a fuska. Auta ya ajiye makulli a kan benci ya ce zai bar motar zuwa ƙarshen mako. In fitilar ta mutu, shi ke nan. In ba ta mutu ba, zai kai ta bakin titi, kuma daga nan can za ta riƙa zuwa, Mama ma ta yarda.

Daga wannan sa'a abokina bai ƙara kallon kowa da ido ɗaya ba. Mutumin da ya saba aikinsa ba ya kuskure, in abu ya ɓaci, waje yake fara dubawa. Ya sake kwance tayar, ya ciro sabon takalmin, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kankare gefensa, har ya sansana. Sai ya ɗauki kwalin ya tsallaka titi. Na bi shi, don na ga tafiyar ba ta lafiya ba ce.

"Dogo, wannan kwalin da abin da ke ciki, uwarsu ɗaya?"

Dogo yana shan shayi, ya ajiye kofin. "Me kake nufi, tsoho?"

"Kwali mai kyau ne. Amma yanzu ana zuba jabu a kwali mai kyau. Motar ta ƙi karɓarsa."

"Ni zan ba ka jabu? Ni da na riƙe maka makullin gareji lokacin da aka kwantar da kai asibiti?"

"Ban ce ka sani ba. Ƙila kai ma an yi maka. Ƙila kuma."

Wannan "ƙila kuma" ita ta ɓata komai, ga shi akwai masu saye a shagon suna ji. Dogo ya miƙe, da ma sunansa ba ƙarya ba ne, ya ce, "Magana zarar bunu ce. Ka fita, kuma ko ƙusa kake nema kada ka sake tako min nan."

Muka dawo. A benci ya fara yi mini lissafin waɗanda za su amfana in ya rasa motar. Babban gareji, wannan a fili yake. Auta, wanda da ma neman dalili yake, wa ya san abin da ya sa aka taɓa a motar kafin ya kawo? Har mai wanke motar Sista bai tsira ba. Na ce masa zato zunubi ne. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ni kaina, a gaskiya, na fara satar kallon hannuwansa, ina tunanin ko tsufa ne ya sa ya ɗaure wani abu a karkace.

Washegari Auta ya biyo a lokacin hutun rana don ya ga inda aka kwana. Rewaya, wanda ya ji duk abin da ake ciki daga rumfarsa, ya shigo yana goge hannu, ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Baba, kana wahalar da kanka. Wannan ai aikin ƙiftawar ido ne. A yanke wayar nan daga sama, a haɗa bakinta biyu, a naɗe da salatif, fitila ta mutu har abada. Haka kowa ke yi. Ko kuma a..."

Bai ƙarasa ba. Abokina ya nuna masa ƙofa da sifana. "Wa ya aiko ka? A toshe wa mai gadi baki a ce gida lafiya? Fita min daga gareji."

Rewaya ya fita yana gunaguni, wai taimako ya zama laifi. Amma na ga Auta ya kalli wayar, ya kalli abokina, ya adana maganar a aljihu.

Abin mamaki, maganar Rewaya ce ta buɗe ƙofa. Da safe na tarar da abokina zaune a bakin rami yana magana shi kaɗai. "In haɗa waya ke kashe fitila, ashe yankewar waya ke kunna ta. To, ina ta yanke?" Ya bi ta da yatsa daga inda aka jona ta, ta bayan taya, har zuwa ɗan kan nan mai kama da wake. Ko'ina lafiya. Ya sa farce a fuskar kan, ya tsaya.

"Malam, ara min tabarau."

Na miƙa masa na karatuna. Ya zare wayar ya fita hasken rana da ita, ni ma na leƙa. Fuskar ɗan kan ta goge sumul, tana ƙyalli, kuma a tsakiya akwai wani siririn jan ƙarfe kamar gashi, a katse. Nan ya gane yadda aka ƙera ta. An dasa ta a jikin takalmi ne don idan takalmin ya cinye, faifan ya kai gare ta ya cinye ta ita ma, ya katse jan ƙarfen, fitila ta kama. Mutuwarta ita ce aikinta. Tun ranar da Sista ta ga zoben, wayar ta riga ta gama rayuwarta. Shi kuwa ya yi wa gawa wanka da fetur ya mayar da ita bakin aiki.

Ya daɗe riƙe da ita. Ya miƙo mini tabarau ba tare da ya dube ni ba. Na ce, "To ai sai ka tsallaka ka ba Dogo haƙuri, ka karɓo sabuwa."

Ya kalli tsallaken titi. Dogo yana zaune a ƙofar shago, ya juya kujerarsa ta ba garejin baya. Abokina ya sa wayar a aljihu, ya sake riga, ya ja ƙofa, ya bi ta bayan masu katako don kada a gan shi, ya hau motar haya zuwa babbar kasuwa a wancan ƙarshen gari. Ni na tafi gida shan magani. Da na dawo da yamma, tayoyi suna ɗaure, mota na ƙasa. Ya murɗa makulli ya ce in leƙa. Fitilu suka kama gaba ɗaya, suka mutu gaba ɗaya, har da zoben.

Ranar karɓar mota Sista ta zo tare da Auta. Na so abokina ya yi bayani tun daga farko, ya ce kuskurena ne, ga yadda aka yi. Amma bakin da bai saba ba, ba ya koyo a rana ɗaya. Cewa ya yi kawai, "Ta mutu," ya miƙa makulli, sannan, kamar yadda ya saba yi wa kowane mai mota tun yana saurayi, ya miƙa ƙullin leda.

Auta ya kwance. Baƙar waya ce a ciki.

"Wannan fa, Baba?"

"Tsohuwar ce. Taku ce."

"Wato an cire ta."

"An cire, an sa sabuwa."

"A ina aka sayo sabuwar?"

Abokina ya yi jinkiri, don amsar tana da kunya a ciki. Jinkirin ya isa. Auta ya tsallaka titi da wayar a hannu, muna kallo, muna kuma ji, don layin ba shi da faɗi.

"Baba Dogo, an sayi irin wannan a nan cikin makon nan?"

"Wa? Shi? Ga su can rataye, ba wanda ya taɓa. Ai kayana jabu ne, bai gaya maka ba?"

Gaskiya Dogo ya faɗa, ba ƙari ko ɗaya. Auta ya dawo a hankali. Abokina ya ce a babbar kasuwa ya saya. A wane shago? Wata rumfa ce a layin 'yan wayoyi, bai riƙe sunanta ba. Kwalinta fa? Ba ta da kwali, a ƙusa take rataye. Kowace amsa gaskiya ce, kuma kowace tana fita da kamar ƙarya. Ga shago a ƙofarka, ka tsallake shi ka tafi ƙarshen gari? Ga maganar yanke waya da aka yi a gaban Auta kwanan nan, yau kuma ga waya a leda, ga fitila a mace. Biri ya yi kama da mutum.

Na ce, "Auta, ni na ga inda tsohuwar ta katse, da tabarauna aka duba."

"Malam, ka ga an sa sabuwar?"

Na ce ban gani ba, ina gida.

"To. Kuma ku abokai ne tun ba a haife ni ba." Da ladabi ya faɗa, har da sunkuyar da kai.

Abokina ya ɗauko jak. "Sista, bari in cire tayar ki gani da idonki."

Duk wannan lokaci tana zaune a kan benci, jakarta a cinya. Ta ɗaga masa hannu.

"Bari, mai gareji. Ko ka buɗe, me zan gani? Baƙar waya ce, ba ta magana. Ka ce sabuwa ce, ya ce an haɗe ta a sama inda ba a gani, ni ina tsakiya." Ta gyara zaman jakarta. "Ban ce ka cuce ni ba, Allah ya sani. Amma da, in fitilar nan ba ta kama ba, na san lafiya. Yanzu kuwa duk gangaren da na hau, zan riƙa kallonta ina cewa, shirun lafiya ne ko shirun an rufe mata baki? Da jikoki nake yawo a bayan motar nan."

"Ki ba ni rabin sa'a."

"Da ka gaya min ranar da ka gano, da bakinka, da ban nemi ganin komai ba."

Ya ajiye jak ɗin. Auta ya buɗe mata ƙofa, shi ya zauna a sitiyari. Ta yi mana sallama ta taga, kamar kullum, har da tambayar ciwon ƙafata. Motar ta fita a hankali ta bi hanyar bakin titi.

Abin da aka gani a babban gareji ban sani ba. Rewaya ya ce can ba sa bincike, duk abin da aka yi shakkarsa cirewa suke su sa nasu, don haka ko sabuwa ce a jiki, a kwandon shara ta ƙare ba wanda ya duba. Ba wanda ya dawo ya ce an wanke abokina, ba kuma wanda ya ce an kama shi. Masu katako suka kasu biyu a kan maganar, har yau in an tayar da ita sai a ji wani ya ce, "Tsohon nan fa, wa ya sani?"

Ya ci gaba da buɗe garejin kowace safiya na ɗan lokaci. Yana share ƙasa, yana goge sifanu. Wani lokaci a kawo masa injin markaɗe ko janareto, ya gyara. Da Dogo suka koma gaisuwa, amma daga nesa, hannu kawai. Da damina ta kama ya yi zazzaɓi, Sista ta ji, ta zo duba shi a garejin bayan ya tashi. Ta ajiye motar can bakin layi ta ƙaraso da ƙafa. Sun yi hira mai tsawo, ta 'ya'ya, ta waɗanda suka rasu, ta tsadar magani, ta yi masa faɗan rashin cin abinci. Ba wanda ya ambaci birki.

Da ta tafi, ya tsaya a bakin ƙofa har ƙarar motar ta ɓace. Sannan ya je wajen masu katako ya zaɓo faffaɗan alluna, ya ƙwanƙwasa kowane ya ji ba ruɓa, ya ce in kama masa gefe ɗaya. Muka jera su a kan ramin, ya bi su da ƙusa, ya jawo bencin ya ɗora a kai, wai nan ya fi inuwa.